Shekarar da Shanu Suka Shuka wa Yauni Gida

Ni ɗiyar masunta ce. A tunga aka haife ni, wato ƙauyen masunta, bakin kogin Kwara, kusa da Bagudo, inda in ka tura jirgi da sassafe za ka taka ƙasar da Turawan Faransa ke mulki kafin rana ta yi zafi. Nan aka yi mini aure. Nan kuma agana ta shigo ta ɗauki mijina da 'ya'yana, ta bar ni da zanzana a fuska. Kushewarsu tana kan tudu bayan gidanmu, ƙarƙashin wata ɗinya. Ban faɗi wannan don a ji tausayina ba. Na faɗa ne don a san abin da ya sa ban son barin tungar nan.

Sana'ata banda. Maza su kamo kifi, ni in fasa, in wanke, in jera a kan wuta har ya yi ja, ranar kasuwa in ɗauka a ka. Ina zaune a gidan yayana. Shi ne ya fi kowa ƙarfi a tunga, ya kuma fi kowa yawan magana. Kawunmu shi ne Sarkin Ruwa, tsoho ne mai haƙuri, shi ke cewa yau a shiga ruwa, gobe a bar shi ya huta.

Bayan tunga akwai wani babban tafki. Da rani yakan janye ya bar laka, da damina Kwara ta turo masa ruwa ta wata 'yar mashiga. A cikinsa burgu ke tashi, ciyawar ruwa mai dogon kara, wadda shanu ke so kamar me. Cikin burgun nan yauni ke yin sheƙa. Wanda bai san yauni ba, kifi ne dogo kamar takobi, wutsiyarsa kamar ta ɓera, yana tafiya gaba yana tafiya baya duk ɗaya gare shi. Yakan tara karan burgu ya yi sheƙa mai yawo a kan ruwa, ya zuba ƙwai manya kamar duwatsun wuya, ya tsaya yana gadi. Yauni ɗaya in ya girma ya fi kwandon karfasa daraja. Da shi ake aure a tungarmu, da shi ake suna.

To, a shekarun nan yauni ya fara ƙaranci. Yashi ya cike mashiga, ruwa ba ya shiga sai can ƙarshen damina, lokacin da kifi ya riga ya nemi wani wuri. Gidaje suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya.

Da bazarar shekarar da ake ta cewa Turawa sun kusa komawa gida, Kawu ya tara maza a gindin tsamiya. Mu mata muna bayan zana, muna daka muna saurare. Ya share ƙasa da tafin hannu, ya zana Kwara da tsinke, ya zana mashiga, ya zana tafki. Bai gama ba wata agwagwa ta bi ta tsakiyar tafkin nasa ta wuce. Yayana ya ce ga shi tun yanzu ruwa ya fara kawo baƙi. Aka yi dariya, Kawu ya sake zanawa.

Aka shirya a yashe mashiga da gayya. Wannan kowa ya yarda. Sai yayana ya miƙe ya ce yashewa kaɗai ba ta isa ba, a nemi wanda ya cike ta. Ya ce shanun Fulani ne, su ke rusa gaɓa in sun zo shan ruwa, su ke cinye burgu har ƙasa. A kore su, a kewaye tafki da ƙaya. Tun da kuma an tashi aiki, a sare tsohuwar ciyawar a ƙone, a ciro kututturan da ke kwance a ƙasa suna yaga taru. Sabon burgu zai fito da kansa, kamar yadda yake fitowa tun zamanin kakanni, ga shi babu saniyar da za ta taɓa shi.

Babu wanda ya musa. Ni ma ban musa ba. Da na ji zancen kututture, itacen banda na hango.

Aka yi gayya. Mutane suka zo daga Kurgu da wasu tungaye da garemaninsu, makaɗi yana kiɗa, mu muna tuƙa tuwon shinkafa. Aka yashe mashiga har sai da namiji ya tsaya ciki ba a ganin kansa. Aka share tafki ƙal kamar tsakar gidan amarya, aka kewaye shi da ƙaya. Maza suka tafi ruga wajen Ardo, shugaban Fulanin da ke kiwo a wurin, suka gaya masa daga yau ba shanu a tafki. An ce abin da ya ce kawai shi ne "To, madalla." Washegari suka kaɗa shanunsu suka yi wajen Geza.

Ina da ƙawa a rugar nan, matar ɗan Ardo. Ita ke kawo mana nono. Kullum in ta shigo sai ta toshe hanci ta ce da ni mai ƙarni, ni kuma in ce da ita mai warin maraƙi. Da suka tashi, muka koma shan fura da ruwa. Ban ji daɗi ba, amma na ce in yauni zai dawo, a sha.

Ruwa ya zo da wuri. Mun tsaya bakin mashiga muna kallon yadda yake gudu ciki, mata suna guɗa. Ba a jima ba aka fara ganin yauni yana shiga, yana ɗago baki yana shan iska. Yayana ya riƙa yawo a tunga kamar shi ya haife su.

Sai dai burgu bai fito ba. 'Yan tsiraru can da can, kamar gemun yaro. Tafki ya cika fal, fari tas, kana ganin gajimare a ciki. Yauni ya kewaya, ya kewaya, bai ga abin da zai yi sheƙa da shi ba. Da idona na ga wani babba yana fita ta mashiga da baya da baya, kamar mutumin da ya faɗa ɗakin surukarsa bisa kuskure.

Wannan shekara ba mu ga ko sheƙa ɗaya ba.

Da kaka Kawu ya sake tara mutane. Ya ce a ba tafki damina ɗaya. In yauni bai yi sheƙa ba, shi da kansa zai fara kwance jirgi a bar tunga. Yayana ya ce shi ya riga ya gama shawara, dangin matarsa suna da tunga a hayin Faransa, kifi har kare ba ya ci. Da rani kowa ya yanki shuci ya baibaye ɗakinsa, shi ya ƙi. Ya ce ba zai yi wa ɗakin da zai bari sabuwar jinka ba. Na san in ya tashi rabin tunga za su bi shi, sauran kuma ba za su iya zama ba. Mace ɗaya ba ta riƙe tunga. Zan bar ɗinyar nan ke nan, da waɗanda ke ƙarƙashinta.

Ban yi kuka ba. Na daina wannan tun shekarar agana. Na ci gaba da banda.

Wata ranar kasuwar Bagudo na hango ƙawata a layin masu nono. Na yi kamar ban gan ta ba, don kunya. Ita ta kira ni.

"Ke mai ƙarni, an ce kun share tafki kun yi wa kifi shimfiɗa. Ya kwana?"

Na ce bai kwana ba. Na gaya mata burgu ya ƙi fitowa, ga shi babu saniyar da ta taɓa shi. Ta yi dariya har ta kusa kifar da ƙwarya.

"Wai ku wa kuke zato yana shuka muku burgu? Aljanun ruwa?"

Na ce burgu ba a shuka shi, Allah ke fito da shi.

Ta ce Allah ke fito da shi, amma da kofaton saniya. Ta zaunar da ni ta yi mini bayani kamar yarinya. In ruwa ya janye, dogon karan nan yakan kwanta bisa laka. Shanu su shigo su cinye ganyen sama, su tattake karan ya nutse. Kowace gaɓa da ta shiga laka sai ta yi saiwa. Ga kashin shanu a kai. Da ruwan fari ya sauka sai ya tashi gaba ɗaya. Ta ce duk yaron da ya taɓa bin shanu ya san wannan. Mu ba mu sani ba, don lokacin da shanu ke cikin tafki mazanmu suna can tsakiyar Kwara da taru, mu kuma muna gaban wuta. Ba mu taɓa tsayawa mun duba ƙasa ba.

Ban yarda da baki kawai ba. Na bi ta har fadamar da suke kiwo. Ta sa wuƙa ta yanko mini curin laka guda, da sawun kofato a kansa, da kara a nutse ciki, fararen saiwoyi sun fito ta kowace gaɓa. Na sa a ƙwarya na ɗauko a ka.

Da na iso maza suna gindin tsamiya suna gyaran taru. Ban tsaya bayan zana ba. Na wuce har gaban Kawu na durƙusa na ajiye ƙwarya. Yayana ya leƙa ya ce yau kuma laka aka sayo a kasuwa, nawa ne mudu.

Na ce, "Kawu, duba abin da muka kora."

Kawu ya ɗauki curin ya juya shi, ya fasa, ya bi karan da yatsa. Sauran suka matso. Na faɗa musu abin da ƙawata ta ce, ban ƙara ba ban rage ba. Yayana ya ce ai shanun ne dai suka rusa mashiga. Kawu ya ce wannan ma gaskiya ne, sun rusa mashiga, sun kuma shuka burgu, mu muka ga ɗaya ba mu ga ɗaya ba.

Aka yarda a kira Fulani su dawo. Amma wa zai je? Wannan ya ce ƙafarsa na ciwo. Wancan ya ce jirginsa na yoyo. Yayana ya ce shi bai iya Fulatanci ba, alhali da Hausa ya kore su. Na tashi na kaɗe zane na ce ni zan je.

Na sayi kanwa, don shanu na son ta, na ɗaura a zane na tafi. Ardo yana zaune a kan buzu, dogo siriri, yana tufka igiya. Na gaishe shi na ajiye kanwa. Ya tambayi Sarkin Ruwa, ya tambayi maza, ya tambayi yara. Sannan ya ce, "Ƙayar da kuka dasa fa, tana nan lafiya?"

Na ce, "Tana nan lafiya, Baba Ardo. Ita kaɗai ce ta yi albarka."

Ya yi murmushi. Na gaya masa abin da ya kawo ni ba kwana-kwana. Na ce mun yi kuskure, muna son shanu su dawo. Ya ce su ma sun sha wuya, burgun tafkinmu ya fi na ko'ina zaƙi, shanu sun rame, nono ya ragu. Amma ya ce in shanu sun shiga yanzu ƙasa kawai za su taka, tun da mun ƙone irin. Sai an samo kara ɗanye an shimfiɗa musu. Ya ce akwai shi da yawa a wata fadama can hayin Faransa, inda ruwa bai gama janyewa ba.

Bayan kwana kaɗan ya zo tunga da kansa. Kawu ya sake zana tafki a ƙasa, wannan karon an kore agwagi. Ardo ya karɓi tsinken ya nuna inda ƙasa ke da tsakuwa, ya ce ta nan shanu za su riƙa shiga, nesa da mashiga. Ƙaya ta zauna a bakin mashiga kaɗai. Shanu su shiga in ruwa ya janye, su fita ranar da sabon ruwa ya leƙo. Kawu ya ƙara da cewa daga ranar nan zai ɗaure ruwa, babu taru babu mashi har 'ya'yan yauni su watse. Aka yi fatiha.

Da jirage muka haura ɗebo kara. Yayana ya ce shi rakiya kawai zai yi, yana so ya ga inda zai kafa sabon ɗakinsa. Amma da muka isa shi ya fi kowa yanka. Muka loda jirage har ruwa na lasar baki. A hanyar dawowa wani ɗan duwan, mai tsaron iyaka na wancan gefen, ya tsayar da mu. Ya ga jirgi cike da ciyawa, ya tabbata an ɓoye wani abu. Ya sa sanda ya yi ta tsokana. Ya shiga da ƙafa ya tona har ƙasa, ya fito da kwaɗo a hannun riga. Ya tambaye mu ina shanunmu. Muka ce ba mu da shanu, kifi za mu kai wa. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ya ce Nasaransu na shirin tafiya, namu ma na shirin tafiya, duniya duk ta ɗauki zancen mulki, mu kuma muna kai wa kifi ciyawa. Ya ce mu wuce, Allah ya ba mu lafiya.

Muka shimfiɗa karan a kan laka, mata da maza, laka har gwiwa. Mazan da suka dasa ƙaya su suka cire ta da hannunsu, ƙaya kuwa ba ta san wanda ya dasa ta ba. Kawu ya ce a mayar da kututture ma, ƙananan kifi na fakewa a jikinsu. Nan aka juyo ana kallona. Rabinsu sun riga sun zama toka a bandata. Na ce kifin da suka gasa ai ba ni kaɗai na ci ba. Aka ja waɗanda suka rage aka mayar.

Sannan aka saki shanu. Ban taɓa ganin masunta suna yi wa saniya kirari ba sai ran nan. Suka shiga suna ci suna takawa, laka na fallatsa. Ƙawata ta zo da ƙwaryar nono ta tsaya kusa da ni, ta toshe hanci. Na ce da ita yau dai warin nasu ne ya fi. Da yamma na sha fura da nono har na kasa tashi.

Ruwan fari ya sauka. Kwana kaɗan tafki ya yi kore shar, kowane sawun kofato da tsironsa. Da Kwara ta leƙo ta mashiga, Fulani suka fitar da shanu ba tare da an ce musu komai ba. Kawu ya kafa sanda ya ɗaura mata kaba, alamar an ɗaure ruwa. Ruwa na hawa, burgu na binsa.

Ɗakin yayana kuwa ya yi ta yoyo. Matarsa ta jera tukwane da ƙore a ƙasa, har akushin tuwo. In hadari ya taso sai ta kwaso yara su taho ɗakina, shi ya zauna can da tabarma a ka. Na ce masa akwai sauran shuci a bayan bandata. Ya ce ciyawa ta fito, ya gani, amma ciyawa ba kifi ba ce.

Cikin daminar nan muka riƙa jin kiɗa daga hayin Faransa, aka ce sun sami mulkin kai, namu ma yana tafe. Mutane suna ta zancen tuta. Ni kullum da safe ina bakin tafki. Ina ganin yauni na shiga. Ban ga yana fita ba. Amma burgu ya yi duhu, ba a ganin abin da ke ciki.

Wata safiya Kawu ya ce a shiga da jirgi a duba, ba taru, ido kawai. Ya ɗauki yayana don ya tuƙa shi. Ni ma na shiga, ba wanda ya ce in fita. Muka kutsa cikin burgu har inda jirgi ya ƙi gaba. Can gabanmu na hango wani wuri da ciyawa ta taru ta yi kamar faifai a kan ruwa. Na nuna. Yayana ya ce iska ce ta tara shara. Kawu ya ce a bar shi, a koma. Yayana ya ce shi sai ya taɓa da hannunsa, ba zai zauna wata shekara a kan shara ba.

Ya tuɓe riga ya sauka, ruwa har ƙirji. Ya matsa yana buɗa ciyawa. Ya kai hannu ke nan sai ruwa ya motsa a bayansa. Ya yi wata ƙara da ban taɓa jin namiji ya yi ba, ya juyo, ya faɗo cikin jirgi da ciki har muka kusa kifewa. Wandonsa ya yage ta baya. Ga sawun haƙora a jere a mazauninsa, jini na tsatsafowa.

Kowane masunci ya san kifin da ke cizo haka, ya kuma san ba ya yi sai yana gadin ƙwai.

Kawu ya duba ciwon da kyau, ya gyara hula, ya ce, "Sharar nan tana da haƙora."

Yayana yana kwance rub da ciki yana nishi, sai nishin ya koma dariya. Ya ce ya ga ƙwan, jajaye, sheƙa cike da su. Na karɓi sandar tuƙi na fitar da mu, don shi ba ya iya zama.

Kafin ruwa ya fara janyewa an ga sheƙa a wurare da dama. Da Kawu ya kwance ruwa aka shiga kamun kifi, ya ce a kama manya kaɗan a bar saura. Na zaɓi tsoka mai kyau na yi banda na kai wa ƙawata. Ta karɓa da bakin sanda, ta yi godiya, ta ba karensu. Na san za ta yi haka, don su ba sa cin kifi. Na kai ne don a san na kai.

Amma wannan daga baya ne. Ranar cizon nan, da azahar, ina gaban wuta sai na ji motsi a bayan banda. Yayana ne yana ɗingishi, yana jan damin shuci. Ba a baibaya da tsakar damina, duk tunga suka fito kallo. Wani ya ce masa ya hau a hankali kada ya zauna. Wani ya tambaye shi ko ya aika wa surukansa su daina share masa fili. Bai kula su ba. Ya hau jinka ya durƙusa bisa gwiwa, ya leƙo ƙasa.

"Ke, tsayuwa za ki yi ko za ki miƙo mini igiya?"

Na miƙa masa. Da ya gama na ɗauki tsintsiya na hau tudu, na share ƙarƙashin ɗinya, don ganye ya taru.